Babi na Biyar: Wiwi, a Halatta ko a Ci Gaba da Kame?

Tunda Kanada da Jamus sun halatta tabar wiwi, har ana cewa magani ce, mu me ya sa ake ta kama yaranmu a kanta? Za ka ji wannan tambayar a bakin ɗaliban Jami'ar Maiduguri, ka kuma ji ta a majalisun samari na Gwange da Bulumkutu bayan sallar isha'i. Iyaye mata kuwa tasu tambayar daban ce, kuma ta fi zafi: yanzu da doka ta hana ma ga yadda 'ya'yanmu suka koma, ina ga an ce kowa ya sha?

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da ke sa gardamar ba ta ƙarewa shi ne ba a kan abu ɗaya ake yin ta ba. Wani yana maganar a bar kamfanoni su noma wiwi don haɗa magani da sayarwa ƙasashen waje. Wani damuwarsa a daina ɗaure yaron da aka kama da ƙulli ɗaya a aljihu. Wani kuma so yake a buɗe shago, babba ya shiga ya saya kamar yadda yake sayen sigari. Mutum yana iya yarda da ɗaya ya ƙi sauran, kuma idan aka auna su da halin da Maiduguri take ciki, amsarsu ba ta zama ɗaya ba.

Yadda aka fara hanawa

Masu tarihi da yawa suna danganta yaɗuwar wiwi a Najeriya da sojojin da suka dawo daga ƙasashen Burma da Indiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ma'aikatan jiragen ruwa. Tun 1935 Turawan mulkin mallaka suka sa ta cikin dokar miyagun ƙwayoyi, amma soja ne suka tsananta. A 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomawa, da shekara 10 ga wanda aka kama da ita. A 1975 aka sassauta, a 1984 aka sake ɗaure igiya, sannan a 1989 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA. Shugabanta tun Janairun 2021, Janar Buba Marwa, ba baƙo ba ne a Maiduguri: shi ne gwamnan soja na Borno daga 1990 zuwa 1992, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen ƙin a sakar wa mutane wiwi.

To, bayan shekara kusan sittin ana kame da ɗauri, ina aka kwana? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A Arewa maso Gabas kashi 13.6 cikin 100 ne, wato fiye da mutum miliyan 2. Masu neman a canza doka da wannan adadin suke kafa hujja, su ce hanin bai hana komai ba. Masu son a bar ta yadda take su ma da shi suke kafa tasu, su ce da babu hanin da abin ya ninka. Adadin shi kaɗai ba zai raba gardama ba.

Abin da ake nema daga Ondo da Abuja

Maganar halattawa ba daga Arewa ta taso ba, kuma akwai dalili. Mafi yawan wiwin da ake sha a ƙasar nan a dazukan Ondo, Edo, Delta, Osun da Ekiti ake noma ta, sau da yawa a cikin gandun dajin gwamnati da ake sare wa itatuwa a ɓoye. Daga can ake danno ta cikin manyan motoci, a ƙarƙashin buhunan abinci ko katako, ta ratsa shingaye har ta shigo ta hanyar Damaturu. Ɗan takara Omoyele Sowore ya yi alƙawarin fitar da ita waje lokacin yaƙin neman zaɓen 2019, aka yi ta yi masa dariya. A Mayun 2019 kuma gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, wanda babban lauya ne, ya je Tailan ya dawo yana cewa a bar jiharsa ta noma don magani, a ƙarƙashin idon NDLEA. Daga nan dariya ta ragu.

Ondo ba za ta iya yin gaban kanta ba, domin tsarin mulki ya sa al'amarin magunguna da guba a hannun Tarayya kaɗai. Shi ya sa aka kai batun Majalisar Wakilai, inda Miriam Onuoha da Benjamin Kalu suka gabatar da ƙudurori kan noma don magani da masana'antu. A 2023 aka tayar da maganar a zauren, ta sha suka, aka jingine ta.

Mai karatu a Maiduguri ya kamata ya tambayi kansa: idan an amince, wa zai ci riba? Lesoto ce ƙasar Afirka ta farko da ta ba da lasisin noman wiwi don magani, a 2017, kuma kuɗin lasisin da tsadar kayan aiki sun sa manyan kamfanoni masu jarin waje ne suka shiga, ƙananan manoman kan duwatsu suka ci gaba da sayarwa ta bayan fage. A Kanada ma kamfanonin da aka yi ta rububin sayen hannun jarinsu a 2018 sun tafka asara da kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi. Ko da Najeriya ta shiga wannan kasuwa, gonakin suna Kudu, tashar jiragen ruwa tana Legas. Manomin wake a Damboa ko mai kifi a Baga ba shi da kaso a ciki. Ban ga abin tayar da hankali ba idan an killace wasu gonaki ana tatsar mai ana fitarwa, amma kada wani ya zo Borno ya ce mana nan ne arziƙinmu yake.

Me ganyen yake yi wa ƙwaƙwalwa

A cikin wiwi akwai sinadarai da yawa, biyu ne suka fi shahara. THC shi ne mai sa maye. CBD ba ya bugarwa, kuma daga gare shi aka haɗa Epidiolex, maganin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani, wanda Amurka ta amince da shi a 2018. Akwai kuma magungunan da ake ba masu ciwon daji don rage amai bayan an yi musu ƙarin ruwan kashe cutar. Saboda irin wannan ne a Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi haɗari, da ƙuri'a 27 a kan 25. Najeriya tana cikin waɗanda suka ce a'a. Sai dai wanda ya ce wiwi magani ce yana nufin abin da aka auna, aka tace, likita ya rubuta. Abin da ake naɗewa a takarda a bayan kango wani abu ne daban.

Je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan hanyar Baga da safiyar ranar ganin likita. A kan benci za ka ga uwa riƙe da kati a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya damƙe gefen rigar saurayin da ya fi ta tsawo, wani ƙanin mahaifinsa yana tsaye a bakin ƙofa don kada ya zille. Idan layi ya zo kansu, maganar kusan iri ɗaya ce: “Likita, ya daina barci. Yana magana shi kaɗai, ya ce mu ne muke sa masa abu a tuwo.” Likita ya juya ga yaron: “Ɗan samari, me kake sha?” Da ƙyar amsa take tsayawa a kan abu ɗaya. Ganye da safe, tramol kafin a fita da Keke Napep ko a hau aikin gini, wani lokaci sholisho ko maganin tari da daddare. Da yawa daga cikin samarin nan suna yara ƙanana aka koro su daga Bama, Gwoza ko Marte, sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, suka girma a sansanin gudun hijira. Wane ne zai iya zare wiwi ita kaɗai daga wannan tarin ya ce ita ce ta jawo, ko ya ce ba ruwanta?

Abin da bincike ya tabbatar shi ne wannan. Mafi yawan masu shan wiwi ba sa haukacewa, kuma malamin da ya tsaya gaban samari ya ce duk wanda ya zuƙa sai ya yi tsirara a kasuwa, ya zubar da sauran wa'azinsa, domin sun san masu sha da yawa da ke zuwa aiki lafiya lau. Amma kusan 1 cikin 10 na masu sha tana kama su har su kasa bari, kuma ga wanda ya fara tun yana ɗan shekara goma sha, abin yana kai 1 cikin 6. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet Psychiatry a 2019, wanda aka yi a garuruwan Turai da Burazil, ya nuna mai sha kullum haɗarin taɓin hankalinsa ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 3, idan kuma mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau 5. Ga shi ganyen yanzu ba irin na zamanin mawaƙi Fela ba ne. A Amurka THC ɗin da ke cikin wiwin da ake kamawa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba a tsakiyar shekarun 1990, yanzu ya ninka haka fiye da sau uku. Nau'o'in da samari ke kira lawud da kolorado sun iso garuruwanmu, kuma na biyun sau da yawa ba wiwi zalla ba ce, ganye ne da aka fesa wa sinadarin da ba wanda ya san ƙarfinsa.

Waɗanda suka buɗe ƙofa

Urugwai ce ta fara halattawa gaba ɗaya a 2013, Kanada ta bi a Oktoban 2018, Jamus ta yarda babba ya riƙe giram 25 ya kuma shuka tushe 3 a gida daga Afrilun 2024. Ingila, wadda ta kawo mana dokar tun farko, har yau ba ta halatta sha don nishaɗi ba, likitoci kawai ta ba dama a 2018. A Kanada kame ya ragu ƙwarai, mafi yawan masu sha sun koma saye a shagon da ke da lasisi, gwamnati na karɓar haraji. A ɗaya gefen kuma, yaran da ake garzayawa da su asibiti bayan sun cinye alewar da aka haɗa da wiwi sun ƙaru.

Darasin da ya fi kusa da mu yana Tailan, ƙasar da Akeredolu ya je ɗaukar darasi. A Yunin 2022 ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi kafin ta gama rubuta dokar da za ta tsara sayarwa. Cikin ɗan lokaci shaguna dubbai suka cika Bankok da garuruwan 'yan yawon buɗe ido. A Yunin 2025 gwamnati ta ja da baya, ta ce ba mai saye sai da takardar likita. Wanda ya buɗe ƙofar garke bai tanadi makiyayi ba, a gonar mutane zai je neman awakinsa.

Me malamai suka ce

Borno ƙasar ilmi ce tun zamanin sarakunan Sefawa, kuma babu dokar da za ta zauna a nan idan malamai sun juya mata baya. Batun ba sabo ba ne a fiƙihu. Hashisha ta yaɗu a Masar da Sham a ƙarni na 13, malaman lokacin suka yi ta muhawara a kanta. Ibn Taimiyya ya haɗa ta da giya a hukunci da haddi. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya sa ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali ba irin maye na giya ba, ya ce mai shan ta horo ne a kansa gwargwadon yadda alƙali ya gani, ba haddi ba. Dukansu sun haramta shan abin da zai gusar da hankali. Saɓaninsu a kan hukuncin mai sha ne, kuma a mazhabar da muke bi an bar wa hukuma fili ta zaɓi horon da zai gyara.

Magani kuwa babinsa daban. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ana yi wa wanda aka yi wa tiyata allurar mofin, alhali daga tsiro ɗaya ake samun ta da hodar hiroyin, kuma ba wanda ya ce likitan ya yi saɓo. Maroko, ƙasar Malikiyya kamar mu, ta halatta noman wiwi don magani da masana'antu a 2021, ta bar sha a haramce, a Agustan 2024 kuma Sarki Muhammad na Shida ya yi wa manoma fiye da 4,800 afuwa.

Teburin mai sigari da kantin magani

Duk ƙasar da ta buɗe shagon wiwi ta jingina ne da alƙawari guda: za mu hana yara, za mu auna ƙarfin kaya, za mu rufe shagon da ya karya doka. Kafin mu yi irin wannan alƙawari, mu duba waɗanda muka riga muka yi. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Tsaya kusa da teburin mai sigari a Kasuwar Monday ko Tashar Bama na minti goma. Kwalin a buɗe yake, ashana na rataye da zare, yaro ɗan aike ya miƙo kuɗi ya ce kara biyu, ba wanda ya ɗaga kai.

Tramol magani ne halattacce, mai miligiram 50 ko 100, wanda doka ta ce sai da takardar likita. Wanda ke yawo a unguwanni mai 200 ne, da 225, har da 250. Maganin tari mai kodin shi ma da rajistarsa da lambarsa, amma sai da BBC ta fitar da fim ɗin bincikenta a 2018 kafin gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi. Waɗannan kayayyaki ne da ke da kamfani, da adireshi, da hukumar da ke sa ido, suka fi ƙarfinmu. A garin da ya kwashe shekaru tun 2009 cikin yaƙi, inda marayu suka yi yawa, aikin yi ya yi kaɗan, har gwamna Babagana Zulum ya ba da umarnin murƙushe gungun samarin da ake kira Maliyans a 2023, ban ga ta inda za a buɗe kasuwar wiwi a ce manya kaɗai za su saya ba. A wannan gaɓar ina tare da iyaye mata.

Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya

Inda na rabu da masu cewa a bar komai yadda yake shi ne a kan mai sha. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama yana riƙe da ƙwaya ko yana sha. Alƙalai ba kasafai suke yanke haka ba, amma tsananin da ke rubuce shi ne ke sa ciniki ya yi tsada tun kafin a je kotu. Kowa a unguwa ya san yadda abin yake: a yi samame a majalisa, a kwashi samari, gari na wayewa iyaye su fara neman bulama ko wani mai faɗa a ji. Ɗan mai hali ya kwana a gida. Ɗan mai wankau ya wuce gidan yari, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Ya shiga yana mai shan ganye, ya fito ya san dillalai, ya rasa gurbin koyon sana'arsa, ba mai ba shi 'ya. Babban dilan da ya yi odar mota guda daga Kudu kuwa bai san an yi ba.

Fotugal ta bi wata hanya tun 2001. Ba ta halatta komai ba, sayarwa laifi ne har gobe. Amma wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, ba kotu ake kai shi ba, gaban wani ƙaramin kwamiti ake kai shi, mai ɗauke da masanin shari'a da ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a, su tura shi magani ko su ci shi tara. Gana ma, a dokarta ta 2020 ta mayar da hukuncin riƙewa don sha ya zama tara maimakon ɗauri. Maiduguri tana da abin da Fotugal ba ta da shi: bulama da lawan da limamin unguwa, waɗanda suka san yaron, suka san ubansa. Kwamitin da ya haɗa su da ma'aikacin lafiya zai fi ɗakin tsare mutane sanin abin da ya dace da shi.

Akwai hujja mai ƙarfi da ke adawa da wannan ra'ayi, kuma jami'an tsaro suna yawan kawo ta: dillalai za su rarraba kaya ƙulli-ƙulli a hannun yara, kowa aka kama ya ce na sha ne. Haka ne, za su gwada, shi ya sa dole doka ta yanke adadi a fili, a kuma riƙa duba wanda ake ta kamawa a kai a kai. Hujja ta biyu ta fi nauyi: a tura su magani ina? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Asibitin hanyar Baga yana karɓar marasa lafiya daga jihohin Arewa maso Gabas har da masu tsallakowa daga Chadi, Nijar da Kamaru. Rashin wurin zuwa ne ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidajen mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Jihar Oregon ta Amurka ta daina kama masu sha bayan ƙuri'ar 2020 ba tare da ta shirya wuraren magani da wuri ba, a 2024 ta dawo da hukuncin. Saboda haka gadon asibiti da ma'aikaci su ne farko, sassauta doka ta biyo baya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta buɗe hanyar hakan a takarda. Kuɗin da ake kashewa wajen ciyar da mai ƙulli ɗaya a gidan yari, da shi za a fara.

Duk wannan a kan ganye ne, abin da ake gani, ake jin warinsa daga nesa. Abin da ya fi cika gadajen hanyar Baga tare da shi ba ya wari, yana shiga aljihun ɗan makaranta, kuma an sha samun sa a maɓoyar 'yan Boko Haram. A babi na gaba za mu bi sawun tramol, daga masana'antun Indiya zuwa tashoshin jiragen ruwa na Legas, Kwatano da Lome, mu ga yadda yake ratsa iyakoki har ya iso hannun mai tura baro a Gamboru.